Elektoron Ɗaya Kawai Zan Bayar

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar gonata, inuwata a tsakar rana,

Saƙonki ya iso, na karanta har da dariya! Wai kada in bar kujerar shugaban ɗakin gwaje-gwaje in biyo ki garin da aka mayar da ke aiki, don in na koma ƙaramin malami zan ragu, wata rana in ga laifinki. Haba tauraruwata! Ke da kike koyar da kemistiri, yau ke ce da wannan lissafi?

Kin tuna ranar da muke duba takardun jarrabawa a ɗakin malamai, fanka ta tsaya, jan bironki ya ƙare kika ƙwace nawa? An ce yara su zaɓo sinadaran da yawan elektoron ɗinsu ya zo daidai. Rabin aji suka leƙa jadawalin sinadarai, suka ga sodiyam sha ɗaya, fulorin tara, niyon goma, suka rubuta babu. Kika bugi tebur, kika ce yaran nan ba sa kallon 'yar alamar da ke saman harafi: sodiyam ya ba da ɗaya ya sauko goma, fulorin ta karɓi ɗaya ta hau goma, ga su sahu ɗaya da niyon, sarkin kwanciyar hankali. Kina ta faɗa, ni kuwa ina kallon garin alli a gefen mayafinki. A ranar na san tawa ta ƙare.

To, yau kin yi kuskuren ɗalibanki, kuma ko rabin maki ba zan ba ki ba! Don sodiyam ya ba da elektoron, ya daina zama sodiyam ne? Furoton ɗinsa sha ɗaya na nan a tsakiya, ba wanda ya taɓa su. Abin da ya saki na can bakin-baki ne, shi ke hana shi zama lafiya. Haka kujerar nan take gare ni. Tun da kika tafi nake wanke kwalaben da ba su yi datti ba, ina jiran takunki a baranda. Ina kewarki, wallahi, kewa mai ciwo!

Na riga na miƙa wa shugaban makaranta makullan. Ya ce in sake tunani, na ce na gama. Nawa na saki, masoyiyata, saura ki buɗe hannu ki karɓa.

Naki, muddin ina numfashi,
Mai jan biron da har yau ba ki mayar ba