Kaset ɗin da Ban Jefa Tabki Ba

Al'amin,

Na wuce Ɗan Issa kafin ka dawo. Jiya na ji kana gaya wa abokanka masu farfaɗo da tsohon wasan kwaikwayon nan cewa kiɗan da ka juya a kwamfuta ya cika sauri, kuma babu kaset na asali da za a gwada.

Akwai shi. Wanda na ƙwace shekarar da ka faɗi jarrabawa, na ce maka na jefa tabki, ban jefa ba. Shekara ashirin yana akwatina, kunyar ƙaryata ta hana ni fito da shi.

Yana ƙarƙashin takardar nan. Ka yafe mini. Idan kiɗan ya daidaita, ka kunna mini, domin ban taɓa tsayawa na saurare shi ba.

Mahaifinka