Jinin Cibiyar Takwararki

Zuwa ga Hajiya Rabi, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ina sanar da ke 'yarmu Salamatu ta sauka lafiya a Lyon, ƙasar Faransa. Mace ce. Ki yi haƙuri da rubutun wanda ya koyi biro da furfura a ajin yamma.

Kin bar wan jaririyar, Habu, yana goye. Yau shekararsa biyar, wuyansa bai tsaya ba, hannunsa na dama a dunƙule. Likitoci suka ce a jinin cibiyar jariri akwai ƙwayoyin asali da ake gwadawa ga yara masu lalurar ƙwaƙwalwa irin tasa, amma sai an ɗiba a take, lokacin haihuwa. In ya wuce, ya wuce.

Na hana. Ke ungozoma ce, na ga yadda kike wanke mabiyiya ki binne ta bayan ɗaki a Damagaram, ba ki yarda ko kaza ta gani. Na ce jikata ba za a ajiye nata a firji ba. Salamatu kuwa ta ƙi sa hannu sai da yardata.

Ranar Talata naƙuda ta taso, kwana goma kafin lokaci. Ina cikin jirgin ƙasa daga Paris, takardar likita a gwiwata, mijinta yana ta kira. Sau huɗu ban ɗauka ba. Ina bin Faransancin da yatsa, layi-layi. A shafi na biyu na iske sun rubuta cewa ba su yi alkawarin warkewa ba. Nan na tuna ke ma haka kike gaya wa masu ciki: “Ni hannu ce kawai.” Kuma ba wai don ƙasa kike binnewa ba, don yaro ya tsira ne.

Na kira, jirgi ya shiga ramin ƙarƙashin ƙasa, layi ya yanke. Na sake. Da ya shiga, ihu na yi har Bafaranshen da ke gefena ya tashi: ce mata ta sa hannu!

An ɗiba, Rabi. Saura a duba ko jinin ya dace da na Habu, ba mu sani ba tukuna. Mabiyiyar ba su ba ni ba, ban binne komai ba. Ki yafe mini.

Sunanki za a raɗa mata. Jiya na ɗora ta a cinyar Habu, ƙafarta ta taɓa dunƙulallen hannun nan, ya yi dariya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa abin da ban binne ba ya tsiro.

Mijinki,
Malam Isufu