Makefile ɗin Irimiya

Laraba, bayan isha'i

Yau ma manhajar da ke sarrafa famfon garin Kuyello ta ƙi haɗuwa. Tun hantsi nake kanta, har idona na yaji.

Matsalar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa take ci mini rai. Abokina Irimiya ya rubuta makefile ɗin, fayil ɗin da ke gaya wa shirin make yadda zai haɗa manhajar, a kwamfutarsa mai Linux, ni kuwa Windows gare ni. Na sa wa makefile ɗin adireshin C:\aiki\famfo, sai make ya haɗiye karan da ke tsakani, ya dawo mini da C:aikifamfo, wai babu wannan wurin. Na juya karan, sai ya kama rigima da ɗigo biyun da ke bayan C. Na mayar da shi /c/aiki, kwamfailar kuma, mai fassara wa kwamfuta rubutun manhaja, ta ce ba ta san hanyar ba. Kowa da irin adireshin da yake so, kamar da gayya.

Mai unguwa ya bugo da la'asar. "Injiniya, ruwan fa? Mata sun koma ɗiba a rafi." Rafin a bakin daji yake. Na ce gobe in sha Allah, na kuma san ƙarya nake.

Matata Maman Hauwa ta ajiye tuwo ta ce, "Ka kira abokin naka mana," sai ta kama bakinta. Tun makon jiya 'yan bindiga suka tare motar su Irimiya a hanyar Kaduna, har yau ba labarinsa.

Da ta fita na danna lambarsa, ban san dalili ba. Kiran ya shiga. Aka ɗauka.

Ba muryar Irimiya ba ce.