Gwiwata da Ƙwallon Gocha

Litinin, 15 ga Janairu

Eteri, mai yi mana gashin ƙashi a kulob, ta ce in riƙa rubuta yadda gwiwar ke kwana da yadda take tashi. To ga shi: ta kwana a kumbure, ta tashi a kumbure. Wata biyu ke nan da ɗinke jijiyar. Cinyar hagu ta tsotse, sai ka ce ta wani aka aro aka liƙa min. Ni da nake tura ƙarti a sahun gaba na zari-ruga, yau aikina ɗaga ƙafa daga tabarma. In na ɗaga ta ce, "Sake." Matar nan ba ta san wata kalma ba.

Ba ta ce in rubuta Gocha ba. Amma ƙanena ne, kuma takardar tawa ce. Motar katako ta kashe shi a hanyar Kutaisi cikin Oktoba. Wasan farko da na buga ba shi, a nan gwiwar ta tafi.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na hau bene ban dafa komai ba. Har na ciro waya zan kira Gocha.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Na zo gida Shukhuti. Deda ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na rame, ta ɗora tukunyar wake. Uwa dai, ko ka kai girman ƙofa.

Kawu Ilarion ya shigo da zancen lelo, wasan ƙwallon gargajiya na ƙauyenmu, tun bai cire hula ba. Dattawan unguwarmu ta Sama sun yanke shawara: in muka ci mutanen Ƙasa ranar Ista, in muka kai ƙwallon rafinmu, a kan kabarin Gocha za a ajiye shi. Haka ake yi, mai nasara ya kai wa mamacinsa na shekarar. Na taso ina ganin tsofaffin ƙwallaye a maƙabarta, fatar ta tsattsage, ciyawa ta fito a jiki. Ban taɓa kawowa a raina za a kai mana ɗaya ba.

Kawu ya mari bayan wuyana. "Kai Otar, wannan wuyan duk na ado ne? Bara ku biyu kuka riƙe mana tsakiya. Bana in babu kai, 'yan Ƙasa za su bi ta kanmu kamar shanu."

Na ce Eteri ta ce sai Agusta.

"Agusta ake Ista a birni?"

Laraba, 13 ga Maris

Na gaya wa Eteri. Ta daina murza cinyar, ta goge hannu, ta zauna. Ban taɓa ganin ta zaune ba.

Abin da na riƙe: wai jijiyar yanzu ta fi ruɗin mutum, ciwo ya tafi amma ba ta nuna ba tukuna. Wai zari-ruga ko ba komai da alƙali, lelo kuwa ƙauye guda ne a kan ƙwallo ɗaya cikin taɓo. "In ta sake tsinkewa, a shekarunka, ka nemi kujera mai kyau a bakin fili. Ka ji ni, Otar? Ba tsorata ka nake ba."

Na ce na ji. Sannan ta sa na yi tsugune da ƙafa ɗaya har na ga taurari. Ramuwa ce, na sani.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Koci ya ce in zo in tsaya a sahu, ba turi, in dai tuna yadda ake ɗaure jiki. Nukri ne yanzu a tsakiya, gurbin Gocha. Yaron kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Ya ɗora hannu a bayana ya ce, "Yaya, nan ya yi, ko in matsa?"

Gocha bai taɓa tambaya ba. Cakumar rigata yake yi a ƙasan kafaɗa har ta shaƙe ni, ya sa baki a kunnena ya ce, "Ka sake cin tafarnuwa, jaki." Tun muna yara haka. Da na ji wannan na san zan iya tura gida.

Hannun Nukri mara nauyi ne, kuma sabulu yake ƙamshi. Na miƙe na ce gwiwa na damuna. Ba ta damuna.

Asabar, 27 ga Afrilu

Gwiwa lafiya lau. Na yi gudu, na yi birki, ko motsi. Eteri har murmushi ta yi. Ni kuwa haushi, ban san na mene ne ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Gida. Deda na rina ƙwai ja na Ista, hannunta duk ya rine. Ban ce mata komai ba, amma ta ga tsohon takalmina a bakin ƙofa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Shi dai ba ya bukatar ƙwallo. Inda yake ba a wasa." Can kuma, "Na ba maƙabartar nan ɗaya da ƙafafunsa biyu. Kai ka bar min naka."

Na ce kallo kawai zan yi. Ta ce to. Mu duka mun san ƙarya ce, sai muka ci gaba da jera ƙwai a faranti.

Litinin, 6 ga Mayu

A kwance nake rubutu.

Jiya limamin coci ya fito da ƙwallon a ƙirji, yana nishi don nauyi, cike da ƙasa da yashi, an jiƙa shi da ruwan inabi. Aka harba bindiga, ya jefa. Na tsaya jikin shinge, wallahi na tsaya. Sai 'yan Ƙasa suka fara tafiya da mu, ana ja da baya, shingen gidan mutane ya faɗi, Kawu yana ihu muryarsa ta dushe. Wani a cikinsu ya hango ni ya ce, "Ga na birni can, yana tsaron ƙafarsa!"

Ba maganarsa ce ta shigar da ni ba. Na riga na cire jaket.

Ciki duhu, warin gumi da taɓo, ba ka ganin ƙwallo, bayan mutum kawai. Na sunkuya na sa kafaɗa na tura. Muka tsayar da su. Muka fara matsawa. Na daɗe ban ji daɗi irin wannan ba. Sai wani ya faɗo min ta gefe, ƙafar na kafe a taɓo. Na ji ƙarar, irin ta wancan karon, ɓas.

Mun ci. Ban gani ba. Ina bayan motar maƙwabci na ji ihu daga rafi, sannan ihun ya bi hanyar maƙabarta ya yi shiru. Kawu ya ce shi ya ajiye ƙwallon da hannunsa, ya ce wa Gocha, "Ga saƙon yayanka."

Yau kowa ya tafi kaburbura da jan ƙwai, kamar yadda ake yi washegarin Ista. Deda ta gyara min matashi a ƙarƙashin ƙafa kafin ta fita. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Alhamis, 16 ga Mayu

An ɗauki hoton gwiwar. Jijiyar ta tafi, ta ja guringuntsi ta tafi da shi. Likita ya ce za a gyara ta yadda zan yi tafiya, in hau bishiyar lemo ma in na so. Sahun gaba kuwa, ya girgiza kai.

Eteri ta raka ni har bakin mota. Na shirya wa zagi. Sai ta ce, "Wata biyar ina gina ƙafar nan, Otar." Idonta ya kawo ruwa. Wannan ya fi zagin ciwo.

Nukri ya bugo, ya ce sahu ba daɗi ba ni. Na ce ya riƙa cakumar riga da ƙarfi, ya daina neman izini.

Tun da likita ya girgiza kai nake jiran baƙin cikin ya zo. Na ci abinci kwano biyu ina jira. Na yi barcin rana, irin wanda rabona da shi tun Oktoba. Ba wanda zai sake ɗora min hannu a baya, wannan ya tabbata.

Duk wanda ya zo dubiya ina ce masa don Gocha na shiga. Kowa ya yarda.