Wadda Ta Amsa Sallamata a Bakin Tafki

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Mu nan Doha lafiya lau.

Ni da abokan aikina za mu tafi hutu cikin duwatsu, mu kwana a tanti bakin wani tafki. Jiya jagoranmu ya nuna mini wurin ta kiran bidiyo. Ka san Inna ta hore mu da yi wa ruwa sallama, sai na yi. Wallahi Yaya, muryar tsohuwa ta amsa da Hausa: "Ɗanlami, sai kun iso." Mutumin ya rantse shi kaɗai ne a wurin.

Tun rasuwar Kaka ba wanda ya kira ni Ɗanlami.

Jibi za mu tashi. A sa ni a addu'a. Gai da kowa, amma kada Inna ta ji.

Ƙaninka,
Bashir