Yatsu Huɗu a Bakin Labule

Baban Hadiza,

Ina gaishe ka gaisuwar masu rai, don ban san irin taku ba. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da ranka ma ba ka cika karanta abin da na rubuta ba, saboda haka ba wani abu ne ya canza ba.

Ga labarin gida. Hadiza ta haihu a Maradi, namiji, an sa masa sunanka. Ina nan lakwal, ina koyar da 'yan aji shida. Fim ya yi tsada tun da darajar sefa ta faɗi, sai na Katsina da ake shigowa da shi ta Ɗan Issa. Sanƙarau da ya ɗauke ka cikin kwana biyu ya ɗauki wasu da yawa bayanka, sannan ya tafi.

Kwana uku da fitata takaba, Sani ƙanenka ya zo da dillali, wai a sayar da akwatin hotonka da kayan wankin hoto a raba. Na ce a bar mini su a rabona, shi ya riƙe lambun bakin tafki. Ya yarda da sauri, yana ganin ya sami wawiya. Bana tafki ya cika har ya shanye lambun. Na yi masa jaje yadda ya kamata.

Da aka ba da hutun damina na buɗe adakar da kake tara nagatif, waɗannan baƙaƙen fallayen da fari ke komawa baƙi a jikinsu. Na riƙa ɗaga su bakin taga ɗaya bayan ɗaya. Na ga jandarmomi da 'yan duwan masu tsaron kan iyaka. Na ga masunta, da manoman Safo da suka zo hoton katin ɗan ƙasa da aron riga, da maharba sanye da layunsu. Na ga ragon layyar wani ɗan kasuwa, har sau biyu, don na farko ya motsa. Fuskata nake nema. Shekara ashirin da biyu da aure, ban same ta ba ko sau ɗaya.

Abin da na samu yatsu ne. A kusurwar sama ta kusan kowane hoto akwai yatsu huɗu riƙe da bakin labule, wani lokaci da lalle, wani lokaci da farin alli. Nawa ne. Duk ranar da ba lakwal kana tsayar da ni kan turmi a ƙofar zaure, in riƙe labule a bayan mai zaman hoto, fari in na kati ne, mai zanen jirgin sama in na ado ne. Ka ce katangar ƙasa ba ta riƙe ƙusa. In ka wanke hoto sai ka sa almakashi ka datse yatsun kafin ka miƙa wa mai shi.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa ba. Ranar da ƙofar ɗakin wanki ta buɗe, haske ya ƙone maka fim ɗin bikin gidan kumandan, na ce iska ce. Ni ce. Da safen nan na ɗaura sabuwar atamfa na zauna kan kujerar hoto, ka ce fim ya kusa ƙarewa, a bari wata rana. Ka yi kwana uku kana ba mutane haƙuri. Ban ji tausayinka ba a lokacin, yanzu ma kaɗan nake ji.

Ka tuna Rabi, ɗiyar masuncin nan na bayan masallaci? Sau biyu ta zo ka koya mata, ka ce hannun mace rawa yake yi. Ina kan turmi ka faɗa, hannuna a sama, labule ko motsi. Akwatinka yana wuyanta yanzu. Akwai kuma Laminu, saurayi daga Safo, yana zuwa kan amalanken jaki ranar kasuwa. Ina karanta musu littafinka na Faransanci, wanda ni ce dama nake fassara maka, ina saya musu fim, su lalata, in ƙara saya. Rabi tana shiga gidajen da ba a taɓa barinka ka wuce zaure ba. Tsofaffin da ba su taɓa ganin fuskarsu a takarda ba sun gani. Allon ƙofa yana nan da sunanka. Mutane suna cewa sadaka nake yi maka, Sani kuma yana cewa hoto ba ya kai lada kabari. Na bar wa Allah wannan lissafi. Ni dai na san ba na son hannunka ya mutu tare da kai, duk haushin da nake ji.

Makon jiya Rabi ta ce in zauna ta ɗauke ni. Na nufi turmi, don ƙafata ta saba, sannan na tuna ba a riƙe labule a zauna gabansa lokaci ɗaya. Laminu ya nemi dutse da ƙusa biyu. Kafin in gyara kallabi ya gama kafe labulen. Katangar ta riƙe, Baban Hadiza. Har yau tana riƙe.

Ƙusa biyu. Kai da kake kwance rediyo ka ɗaure, ba ka san wannan ba?

Da suka tafi cin abinci na kasa zama. Na jira Rabi ta dawo, na sa ta hau turmi, ni kuma na tsaya inda kake tsayawa, na sa ido a gilashin akwatin hoto. Cikinsa ba a ganin komai sai kujera da labule. Sai na ɗaga kai, kamar yadda kake ɗagawa kullum kafin ka latsa, abin da na ɗauka duba karkatar labule kake yi. Daga nan wurin ba labule ake gani ba. Fuskar mai riƙewa ake gani, ita kaɗai, rana tana dukanta.

Shi ke nan abin da kake yi? In shi ne, me ya hana ka faɗa? In kuwa ba shi ba ne, rowar ƙusa ce kawai, to ka ci sa'a ba ka nan. Ko wanne ne, ban yafe wannan ba tukuna. Duk abin da ka gani sau dubbai ka tafi da shi, ni ka bar mini yatsu. Sauran duka na yafe tun ranar da aka ɗauke ka.

Hoton ya fito da kyau. Rabi ta ce kamar ina shirin yi wa aji faɗa, na ce ta bar shi haka. Na rataye shi a zaure. Turmin na mayar da shi madafa, inda ya kamata ya zauna tun farko.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka maka inda kake kwance. Sai na iso, ka shirya amsa.

Matarka Zainabu, wadda ta sauke hannu.