Dutsen da Ke Cire Tabarau

Malam mai filin shawarwari, don Allah a taimaka mini, kuma a sakaya sunana, domin ko harafin farko aka buga mutanen unguwarmu za su gane ni. Na san idan ka karanta za ka yi dariya. Ka yi abinka, amma in ka gama ka ba ni mafita kafin Asabar ta sama.

Ni malamin makaranta ne, Turanci nake koyarwa a sakandare. Maiɗakina ma'aikaciyar jinya ce, muna da yara uku. Mace ce mai sanyin hali, ba ta da hayaniya, amma Allah ya jarrabe ta da son finafinan ban tsoro. Ba na zamani masu kyan hoto ba, tsofaffin nan da suka girme mu, waɗanda ko a zamaninsu ba su yi kasuwa ba, sai daga baya wasu bayin Allah suka maƙale musu kamar kaska. Ita ce ta yi ta zirga-zirga har aka ba ta ɗakin taro na laburaren unguwa duk ranar Asabar da yamma. Ƙaninta ke kawo majigi, a rufe tagogi da barguna, a jera kujerun roba, kowa ya shigo kyauta in dai ya wuce shekarun ƙuruciya. Teloli na zuwa, direbobi na zuwa, akwai wasu dattawan mata da ke zama a layin gaba su rufe fuska da mayafi su bar ido ɗaya. Wasu finafinan an maimaita su har jama'a sun haddace. Akwai na wani ƙaton kwaɗo mai cin mutane, wanda aka ce ana ganin zik ɗin rigar robar a bayansa, duk inda ya fito sai ɗaki ya ɗauka da tafi.

Na ce "aka ce" ne saboda ni ban taɓa ganin kwaɗon nan ba. Nan matsalar take.

Ranar farko na je da tabarau a idona kamar kowane mutum mai gaskiya. Aka nuna wani hannu yana fitowa daga ƙarƙashin gado. Malam, sati guda na yi ina hawa gadona da tsalle daga nesa, ina ce wa maiɗakina motsa jiki nake yi. Da Asabar ta zagayo na rasa yadda zan ƙi zuwa, don abin nata ne kuma ta sha wahala a kansa. Ana kashe fitila sai dabara ta zo mini: na zare tabarau na jefa a aljihun gaba. Ni kuwa in babu tabarau, abin da ya wuce tsawon hannuna hazo ne. Sai na ga allon ya koma haske da inuwa kawai, kamar ruwan gulbi da rana ta faɗa a kai. Jama'a na ihu, kujeru na faɗuwa, ni ina zaune ina tunanin jarrabawar da zan ba ɗalibai. Tun daga ranar haka nake yi, yau kusan shekara biyu.

Ƙanin matar nan, wanda ba ya raga mini da tsokana, shi ya fara lura ba na ko ƙifta ido. Ya sa mini Dutse ba ka fargaba. Sunan ya bi ni. Mai shagon bakin layi Dutse yake ce mini, ɗalibaina sun samu labari, babban ɗana yana cika baki da ni a cikin abokansa. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin sunan. Mutumin da a makaranta ko yaran ajin farko ba sa shakkarsa, a ce yau shi ne jarumin unguwa.

Maiɗakina kuwa kullum tana zaune a damata. Tana da wata ɗabi'a ta yi mini raɗa tun daga farkon fim har ƙarshe: ga shi nan ya fito ta bayan labule, yana riƙe da lauje, yarinyar ba ta gan shi ba, yanzu ta juyo. Na ɗauka hanyarta ce ta rage tsoro, ni kuma da wannan raɗar nake samun abin faɗa idan ana hira a hanyar gida. Sau ɗaya na kusa tona kaina. Na yaba wa wata doguwar mace mai baƙaƙen kaya da ta tsaya cak a ƙarshen fim ba ta gudu ba. Daga baya na ji a bakin wani tela cewa ƙofa ce. Maiɗakina ba ta kula ba, cewa ta yi lallai matar ta yi ƙoƙari. Tana da kirki ƙwarai. Ita ta raka ni gwajin ido tun muna sabon aure, kwanan baya ma ta sayo mini igiyar rataya tabarau a wuya, wai kada ya faɗo daga aljihu a cikin duhu.

To ga abin da ya taso. Finafinan nan da harsuna iri-iri ake yin su, sai rubutun Turanci da ke fitowa a ƙasa, kuma yawancin masu zuwa ba sa karanta shi da sauri. Wani dattijo da ya yi ritaya, muna ce masa Baba Tafinta, shi ke riƙe makirfo yana mayar da maganar Hausa, yana ƙara nasa gishirin, yana roƙon 'yan fim kada su buɗe ƙofa. Yanzu ciwon gwiwa ya matsa masa, zai koma wurin 'yarsa a wani gari. In babu tafinta mutane za su watse, laburare kuma ya ba wasu ɗakin. A Asabar da ta wuce ƙanin matata ya karɓi makirfo ya ce yayarsa ta ce kada a damu, suna da tafinta a gida, ga Turanci ga dakakkiyar zuciya. Ɗaki ya ɗauki Dutse, Dutse. Ita ba ta yi magana da kanta ba, don ba ta taɓa riƙe makirfo. An taɓa sa ta yin godiya a wani taron wurin aikinsu, muryarta ta yi ta rawa har ta zauna ba ta ƙarasa ba, tun daga nan ko sanarwar fim ƙaninta take turawa.

Da muka dawo gida abu ɗaya ta ce mini tana ninke kayan yara: "Baban yara, ka goge tabarau ɗinka da kyau, rubutun nan ƙanana ne."

Malam, tafinta dole ya kalli allo. In na sa tabarau, ihun da zan yi a cikin makirfo har bakin titi za a ji. In na ƙi, abin da matar nan ta gina ya rushe a hannuna. In na faɗa mata gaskiya, da wane ido za ta dube ni, bayan shekara biyu tana jingina da dutsen da ashe tulin auduga ne? Na yi tunanin in ce maƙogwarona na ciwo, amma ma'aikaciyar jinya ce, za ta ce in buɗe baki. Yaya zan yi?

Naka,
Dutsen Auduga

*

Malam Dutse, na yi dariyar kamar yadda ka ba ni izini, har mai shara a ofis ya leƙo. Yanzu mu yi maganar hankali.

Ka rubuto kana tambayar yadda za ka faɗa wa maiɗakinka wani sirri. Ina mai baƙin cikin sanar da kai cewa babu sirrin. Koma ka karanta wasiƙarka kamar yadda kake duba takardar ɗalibi. Matar da ta tsaya a kanka likita na nuna maka manyan haruffa kana kiran su da sunan wasu. Matar da ta saya maka igiya kada tabarau ya faɗo daga aljihu, ba daga hanci ba, daga aljihu. Matar da ka yaba wa ƙofa a gabanta ta ce lallai ƙofar ta yi ƙoƙari. Wanda tsoro ya kama salati yake yi ko ya damƙe hannun na kusa, ba ya tsayawa yana bayanin wane hannu dodo ya riƙe lauje da shi. Wannan raɗar ba rage tsoro ba ce, jagora ce ake yi wa makaho. Ina zaton tun Asabar ta biyu ta gane, wataƙila ma tun daren da ka fara motsa jiki a bakin gado.

Saboda haka tambayarka ta da wane ido za ta dube ka, an daɗe da amsa ta. Da idon da take dubanka shekara biyu, tana rufa maka asiri har a gaban ƙaninta, wanda da ya ji labarin nan da ka bar unguwar.

Ba zan wanke ta tas ba. Tura ƙani ya sanar da sunan miji a gaban jama'a ba tare da an shawarce shi ba, ba daidai ba ne, ko da wasa aka yi. Ta sa ka a tsaka mai wuya tana sane. Amma duba ta inda ta fito. Abin da ta gina yana shirin rushewa, mutumin da ya fi kowa cancanta yana kwana a ɗakinta, kuma shekara biyu tana jiran ya buɗe baki bai buɗe ba. Wanda ya gaji da ƙwanƙwasa ƙofa a hankali wata rana zai buga da ƙafa. Kai ma kana da naka. Tsoron ba laifi ba ne. Tun muna yara kakanninmu ke ba mu labarin dodanni muna cusa kai a cikin zanensu, gobe mu dawo mu ce a ƙara. Mutanen ɗakin nan tsoron suke zuwa saye, har an sauƙaƙa musu kyauta. Laifinka shi ne ka karɓi kirarin da ba naka ba, ka ji daɗinsa, har ɗanka ya ɗauka namiji shi ne wanda ba ya jin komai. Wannan darasin ya fi hannun ƙarƙashin gado haɗari.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Kai ka haɗa su biyun ka zuba a aljihun gaba. Ga yadda za ka fitar da su.

Ka faɗa mata a gida, kafin Asabar, lokacin da yara ba sa kusa. Kada ka yi doguwar shimfiɗa irin ta malaman Turanci. Ka ce mata ka gode da labarin ƙofa, za ta gane sauran. In ta yi dariya ka bar ta ta yi, ta daɗe tana riƙe da ita. Bayan nan ka gaya mata a natse cewa ba ka ji daɗin yadda aka yi sanarwar ba.

Sannan ka karɓi fim ɗin da za a nuna tun da wuri, ku kalle shi tare da rana tsaka, a ƙaramin allo, taga a buɗe, kuna tsayar da shi duk inda ka ga dama. Dodon da aka san ta inda zai fito rabin ƙarfinsa ya tafi. Ka nemi a fara da na kwaɗon. Mutumin da ya ga zik a bayan abin tsoro ya samu ilimin da zai yi masa amfani har a wajen sinima.

Akwai kuma abin da ka rubuta ba ka gan shi ba, ko da yake wannan ba sabon abu ba ne a wurinka. Unguwarku na neman tafinta, alhali ƙwararriyar tafinta na zaune a damarka shekara biyu tana yi wa mutum ɗaya aiki. Kai kana tsoron allo, ita tana tsoron makirfo, kowa ya ɓuya a bayan wani. Ku zauna tare a gaba, makirfo a tsakaninku. Kai ka ɗauki maganganun 'yan fim. In an zo wurin da hannu zai fito, ka miƙa mata, ta yi raɗar nan da ta saba, wannan karon ɗaki duka ya ji. A cikin duhu ne, babu idon da ke kanta. Kada ka tilasta mata kamar yadda aka yi maka, tambayarta za ka yi. In kun gwada sau biyu ka ga barcinka ya lalace, ka ajiye aikin da gaskiya ku nemi wani tare. Ba a biyan kuɗin zumunci da lafiya.

Game da jama'a, ba sai ka hau mumbari ka yi ikirari ba. Ihun farko da za ka yi a makirfo zai isar da saƙon. Za su yi maka dariya sati biyu, ƙanin matarka kuma har ƙarshen rayuwa, wannan haƙƙinsa ne. Amma ina tabbatar maka tafintan da muryarsa ke rawa ya fi dutse daɗin saurare, domin dutse ba ya ba da labari. Ɗanka kuwa ka faɗa masa da bakinka kafin ya ji a waje, ka ce masa babansa na jin tsoro kuma ya sa tabarau duk da haka.

Allah ya bar ku tare, ya ba Baba Tafinta sauƙin gwiwa, ya raya wannan ɗaki naku. Ka goge tabarau da kyau kamar yadda aka umarce ka. In an kashe fitila ranar Asabar, kafin ka kalli allo ka fara juyawa dama. Shekara biyu ke nan ba ka ga fuskar da take yi in fim ya yi daɗi ba.